Ranar da Muka Share Sawun Gada

A gadin gandun daji na yi furfura. Gandun ba wani babba ba ne, yana nan tsakanin ƙasar Rano da ta Kibiya, a inda duwatsu suka hana garma shiga. A takardar gwamnati sunana mai gadi, amma mutanen ƙauyenmu malamin daji suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba, don shi ke nan ƙarin girman da aikin ya taɓa yi mini.

Akwai marke da ƙirya da kanya a ciki, da ɗorawa da kaɗanya a gefe-gefe, sannan a gindin babban dutse akwai wani tafki da ba ya ƙafewa sai bazara ta yi tsanani. Mahaifina ya ce a zamaninsu har barewa da kura suna shan ruwa a nan. Ni ban tarar da su ba. Abin da na tarar shi ne gada da zomo da beguwa, da jan biri a kan dutse, da makwarwa da zabin daji. Mutumin birni zai taɓe baki ya ce ina zaki, ina giwa? To, waɗannan su Allah ya rage mana, kuma ni aka damƙa wa amanarsu.

Gada ba ta tsayawa a gaisa. Kana iya yin wata guda ba ka sa ta a ido ba. Saboda haka aikina na karatu ne. Kullum in na idar da sallar asuba sai in hau keke, in jingine shi a gindin kanya, in taka zuwa bakin tafki in duba laka. Duk wanda ya sha ruwa kafin gari ya waye ya bar shaidarsa a wurin. Ga tsagaggen kofaton gada, siriri mai tsini, ga yatsun zabi birjik, ga inda beguwa ta ja ƙayarta. Da lakar nan nake sanin wa ya haihu, wa ya yi ƙaura, wa kuma aka sace mini.

Duk ƙarshen shekara, in za a karanta kasafin kuɗi, nakan kafa rediyo a kunne. Da an zo wurin da ake cewa an ware kuɗi domin kare dazuzzuka da namun daji sai in gyara zama. Mai ɗakina kuwa, tana tankaɗe ko tana tsinkar zogale, sai ta ce, "Malam, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa." Gaskiyarta. A cikin babban littafin kasafin akwai layi guda mai ɗauke da sunan gandunmu, wai na share gefen daji saboda gobara, da fentin turakun iyaka, da takalmin mai gadi. Abin da na taɓa gani a ƙasa shi ne adduna uku wata shekara, da wani allon ƙarfe mai cewa an hana farauta, da Turanci, wanda 'yan gwangwan suka ɗauke kafin ya yi tsatsa. Sharar gobara da gayya muke yin ta, takalmi kuma ni nake saya wa ƙafata.

Duk da haka ina ƙaunar layin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ko sisi bai fito ba, muddin sunan gandu yana cikin littafin, daji na gwamnati ne, mai gatari yana shakkar shiga. Ranar da sunan ya faɗi, daji ya zama maraya. Na ga yadda aka yi da wani gandu can gaba da Fassi. Sunansa ya ɓace daga kasafi, masu gawayi suka fara, masu faskare suka biyo, kafin ka ce kwabo masara ce a wurin, ta wani mai kuɗi da ko hanyar garin bai sani ba.

Wata shekara, bayan an gama girbi, sai ga takarda daga ofishinmu na birni. Ta ce kuɗi sun yi ƙaranci, za a rage gandaye. Duk gandun da aka duba aka ga babu namun daji a cikinsa za a cire shi daga kasafi, a ba da filin a yi wani abin da shi. Ta ce jami'i zai zo ranar kaza ya gani da idonsa.

Na ɗauki takardar na nufi gidan mai unguwarmu. Sa'ana ne, rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, kuma har muka tsufa ba mu daina jayayya a kan wanda ya fi kuka a ranar ba. Shi ma yana son dajin, ta hanyarsa. A nan matan gari ke samun kalwa da 'ya'yan kaɗanya, a nan ake sassaƙo magani, a nan shanun Fulani ke shan ruwa in rani ya yi nisa. Ya saurara na karanta masa, ya gyara hularsa ya ce, "Malamin daji, baƙon gwamnati guda zai tako garinmu? Ai sai mu fita kunya. Baƙonka annabinka."

Da zan iya, da na ce shi kaɗai ya yi wautar da ta biyo baya. Ba zan iya ba. Ni ne na ce, "Ƙwarai kuwa. A gyara hanya, a gyara bakin tafki, don nan za mu zaunar da shi."

Ana gobe zai zo aka yi gayya. Maza suka fito da fartanya da adda suka buɗe hanya tun daga bakin gari har gindin dutse. Mata suka biyo da tsintsiya. Da aka iso tafki, aka kankare lakar bakin ruwa aka daɓe ta, aka zuba yashi, aka kafa rumfar zana, wurin ya yi fes kamar tsakar gida ranar salla. Ni kuma ina tsaye da kakina, hannu a baya, ina cewa, "Ku ƙara sharewa ta can." Ardon Fulanin da ke shayarwa a wurin, dattijo mara yawan magana, ya zo da sandarsa a kafaɗa ya tsaya yana kallonmu. Can ya ce, "Malamin daji, baƙon naku tabarma zai zo gani a ladde, cikin dajin Allah?" Na yi dariya na ce Fulani ba su san karɓar baƙo ba sai da ƙwaryar nono. Ya kaɗa kai ya bi shanunsa, ni kuma na koma kan masu shara.

Da safiyar ranar ma sai da mata suka sake bin wurin da tsintsiya, wai kada baƙo ya tarar da ƙazantar tsuntsaye. Ranar ce kaɗai a shekarar ban je karatun laka ba, ina gida ina goge kaki.

Tun da hantsi muke jira, baƙo bai iso ba sai da rana ta take tsaka. Motarsa na tsayawa makaɗa suka ɗauka, maharban gari suka jera suka saki bindigogin toka don girmamawa, har dutse ya amsa. Duk dabbar da ke da hankali a lokacin ta riga ta tsallaka ƙasar Kibiya. Gari kaf ya rako shi cikin daji ana guɗa.

Jami'in saurayi ne, tsaf-tsaf, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi. Ya rusuna ya gaishe ni. Yana riƙe da takarda mai gida-gida da zai cike, da waya ta ɗaukar hoto. Da ya huta a rumfa ya sha ruwa, sai ya ce, "To Baba, ina dabbobin?"

Na ce, "Yallaɓai, da tsakar rana, ga wannan hayaniya, ai ko akuya ta ɓuya."

Ya ce, "Na sani, Baba. Ba sai na gan su ba. Nuna mini alama kawai, sawu ko kashi ko gashi, in ɗauki hoto in cike takardata."

Na miƙe da ƙarfina na ce ya biyo ni, in dai sawu ne ai ya zo gidansa. Taku goma ne tsakanin rumfa da bakin ruwa. A taku na biyar maganar Ardo ta dawo mini. Na tsaya a inda na saba tsayawa kowace safiya, na duba ƙasa. Babu komai sai zanen tsintsiya a kan yashi, layi-layi, gwanin kyau. Na zagaya bayan tafki, ƙafafun mutanen gari sun tattake ko'ina. Na kutsa cikin sabara ina neman ko kashin zomo, jama'a na biye da ni suna taya ni nema suna ƙara tattakewa. Jami'in ya jira ni har na gaji, sannan ya sunkuyar da kai ya yi rubutu.

Sai aka kawo abinci daga gidan mai unguwa, tuwon shinkafa da miyar zabi, zabi biyu, man shanu na yawo a sama. Ana buɗe kwano na gane naman. Wanda ya tsufa a daji ba a ɓoye masa zabuwar dawa. Namanta baƙi ne, babu kitse, ƙashin ƙafarta dogo siriri, na mai gudu. Na dubi mai unguwa, ya ɗauke kai yana yi wa baƙo fifita.

Baƙo ya ci ya yi santi. Ya ce rabonsa da nama mai daɗin wannan tun yana yaro. Can sai muka ji ƙas a bakinsa. Ya dafe muƙamuƙi, ya tofo wani abu a tafin hannu, ya yar a gefen tabarma.

Mai unguwa ya yi wuf ya ce, "Tsakuwa ce, ranka ya daɗe. Matan yanzu ba sa tsince shinkafa."

Jami'in ya ce ba komai. Ya sake kai loma, sannan ya tambaya, "Zabin gida ne waɗannan?"

"Na gida ne mana," in ji mai unguwa. "A bayan ɗakina suke kwana."

Saurayin ya juyo ya dube ni, yana neman in gaskata. Na yi shiru. Da aka tashi wanke hannu na sunkuya na tsinci abin da ya yar. Ba tsakuwa ba ce. Ƙwayar boris ce ta keke, irin wadda maharbanmu ke ɗura wa bindiga. Na jefa ta aljihu.

Na san dalilin shiruna, kuma ba dalilin banza ba ne. In na yi magana, na kunyata abokina a gaban baƙonsa da mutanensa, na jawo wa maharbin da ya aika ɗauri, ni kuma na tabbata mai gadin da aka shiga gandunsa aka yi harbi bai sani ba. Amma ga abin da aka yi ke nan. Mutum ya zo daga birni neman shaidar dabba ɗaya tak, mun share masa sawayen da tsintsiya, biyun da suka zo gabansa kuma mun zuba masa su a ciki, ya shiga mota ya tafi da su.

Mota na ɓacewa na tare mai unguwa a zaurensa, ko zama ban yi ba.

Na ce, "Ka san abin da ka yi? Shaidarmu ka dafa masa!"

Ya ce, "To da me zan karɓi baƙon gwamnati? Da kaza, kamar wanda ya zo duba mara lafiya? Nama mafi daraja a ƙasar nan na ba shi."

"Daga cikin gandu!"

"Daga ina kake so a samo shi, kasuwar Rano?" Sai ya nuna ni da yatsa. "Kai kuma wa ya ce a share bakin tafki? Ni ne na yi shekara da shekaru ina karanta laka?"

Gaskiyarsa. Garin neman ƙiba mun samo rama, kuma mu biyu muka ɗauko ta.

Ba a daɗe ba labari ya zo. Rahoto ya ce an ziyarci gandu, jama'a sun yi karamci, ba a ga alamar namun daji ba. Da daftarin kasafin sabuwar shekara ya fito, wani magatakarda a ƙaramin ofishinmu ya ba ni kwafin rahoton, ya kuma bar ni na duba shafinmu. Na bi shi da yatsa sau uku. Sunan da ke sama da namu yana nan, na ƙasa da namu yana nan, sun haɗe kamar ba a taɓa yin komai a tsakaninsu ba. Ban yi kuka ba, amma a kan keke na dawo ina zagin kaina da ƙarfi har masu tafiya a ƙasa suna waiwaye.

Labari irin wannan ba ya kwana. A makon nan na ga baƙin mutane da igiyar awo a gefen gandu ta gabas. Na kore su, suka tafi suna murmushi, ɗayansu ya ce, "Baba, a yi haƙuri, kwana nawa ne?" Na fara jin saran gatari da rana tsaka, abin da a da sai an saci jiki. Laka kuwa ta koma yadda take, sawu ko'ina, kamar dabbobin suna yi mini gwalo. Na ɗauki hotuna da waya na kai ofis. Wanda na tarar ya duba ya ce, "Wannan ai zai iya zama sawun akuya." Na ce masa wanda bai iya bambance gada da akuya ba, ban san me yake yi a ofishin daji ba. Ya ce ko ma mene ne, rahoto ya riga ya hau sama, kuma ba zai sauko don hoton laka ba.

Sai aka yi shela a rediyo cewa za a yi taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin a Rano, kafin a sa masa hannu. Ranar da na ji, na tambayi mai ɗakina ko ta ga wata 'yar ƙwayar ƙarfe a aljihun kakina lokacin wanki. Ta tashi ta ɗauko ta daga cikin wani kwano na jerenta, a ƙulle a ƙyalle. Ashe tun ranar ta gane.

Ta ce, "Malam, saura ƙiris ka ajiye aikin nan da mutuncinka. In ka buɗe baki, kakin nan tuɓe maka shi za su yi."

Na ce, "In babu daji, kakin na gadin mene ne? Masarar wani?"

Sannan ta miƙo mini ƙullin ta ce, "To ka je ka gaya wa abokinka tukuna. Kada ya ji a bakin duniya."

Na je. Na ce masa ba zan ambaci sunansa ba, ba zan ambaci na maharbi ba, amma zan faɗi abin da aka ci. Ya ce, "Duk garin nan wa bai san gidan da kwanon ya fito ba? Ka rasa wanda za ka tona wa asiri sai ni?" Na ce asirinmu ne mu biyu, kuma nawa zan fara tonawa. Ya ce in na yi, kada in ƙara taka masa zaure. Na ce Allah ya ba mu alheri, na fito.

Zauren taron ya cika maƙil. Manya suna kan dogon tebur, jami'in nan yana can ƙarshe yana rubutu. Mutane suka yi ta tashi, wannan rijiyar burtsatse, wannan taki, wannan rufin aji ya yaye, wannan ruwa ya cinye kwalbati. Duk gaskiya suka faɗa, babu wanda zan ce ya yi son zuciya. Da na miƙe da kakina na ce na zo ne a kan namun dajin gandunmu, sai dariya ta tashi. Wani matashi daga baya ya ce, "Mutane na neman ruwan sha, tsoho na zancen zomo!"

Na juya na ce masa, "Ɗana, a sare itatuwan da ke yi wa tafkin zomon nan inuwa, sannan ka je ka zura guga a rijiyar unguwarku ka gani." Sai na fuskanci tebur.

Na ce, "Ranku ya daɗe, an cire gandunmu daga kasafi saboda rahoto ya ce babu dabba a ciki. Wanda ya rubuta ga shi can, yaron kirki ne, abin da ya gani ya rubuta. Mu muka share sawun da tsintsiya, da umarnina, don mu burge shi. Wannan wautata ce. Amma Yallaɓai," na dube shi, "ka tuna tsakuwar da ta kusa fasa maka haƙori?"

Ya ɗago kai ya ce ya tuna.

Na kwance ƙyallen na ajiye ƙwayar a kan tebur. Ta gangara, wani babba ya tare ta da hannu.

Na ce, "Ga ta nan. Boris ce, daga bakin bindiga ta fito. Zabuwar gida kama ta ake yi a yanka, ba a harbinta. Ka zo neman namun daji, ka ce ba ka ga ko ɗaya ba. Biyu ka ci, Yallaɓai, har ka yi santi."

Zauren ya kaure da hayaniya. Wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu na salati. Saurayin ya sa hannu a muƙamuƙinsa kamar yau abin ya faru, kuma wallahi na ji tausayinsa. Shugaban taron ya buga tebur har aka natsu, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Malam, ka san abin da ka faɗa laifi ne a kanka? Kai ne mai gadi."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

"Wa ya yi harbin?"

"Ni aka ɗauka gadi, ni za ku kama. Sunan wani ba zai fito daga bakina ba."

"To za a rubuta."

Na ce, "Abin da ya kawo ni ke nan. A rubuta da kyau. Zabin daji biyu, a cikin gandu."

Maganar mai ɗakina ba ta faɗi ƙasa ba. Takardar tuhuma ta zo, na amsa da layi biyu. Bayanta wata ta biyo, mai hatimi, da sa hannun wani babba da ban taɓa gani ba. An yi mini ritayar dole saboda sakaci, har aka kashe namun daji a cikin gandun da nake gadi. Na karanta ta a tsaye a ƙofar gida. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, mutum ya ba aiki ƙuruciyarsa a sallame shi da kalmar sakaci. Amma da na sake karantawa sai na kama dariya, har mai ɗakina ta leƙo ta ga ko na taɓu.

Washegari na tafi Rano na sa aka buga mini kwafinta da yawa, da na rahoton farko. Na haɗa su biyu-biyu, na bi ofis-ofis har birni, duk teburin da na san rahoton ya bi. Magana ɗaya nake yi a ko'ina: "Ga takardunku biyu. Ɗaya ta ce babu dabba, ɗaya ta ce an kore ni saboda an kashe dabba. In babu, ku mayar mini da kakina. In akwai, ku mayar da sunan gandu. Ku zaɓa." Sunan gandu kawai nake so, kuma na san ofis ba ya haɗiye takardar kora mai hatimin babba. Wasu suka fatattake ni, wasu suka ce in dawo gobe, na kuwa dawo. An ce mini saurayin nan ne da kansa ya ɗauki takardun ya shigar da su inda ƙafata ba ta isa. Ban tabbatar ba, amma ina sa shi a addu'a.

Da aka sa wa kasafi hannu, magatakardan nan ya turo mini hoton shafin. Sunan ya dawo mazauninsa, tsakanin maƙwabtansa biyu. Masu igiyar awo ba su ƙara zuwa ba.

Kada wani ya ɗauka an yi ruwan kuɗi. Har yau sharar gobara da gayya ake yin ta, kuma har yau in an zo wurin dazuzzuka a rediyo mai ɗakina tana tuna mini da kare da biki. An turo sabon mai gadi, yana zuwa a babur in ya samu mai. Ina jin haushin wannan, kuma duk shekara in an yi taron jin ra'ayi sai na je na tashi, da rigata ta gida, a yi dariya in faɗi tawa. Takardar korar tana cikin akwatina, a leda, tare da takardun gona. Duk ranar da wani ya sake cewa babu komai a dajin nan, da ita zan tarye shi.

Abin da ya fi rasa kakin yi mini ciwo shi ne abokina. Dagaci ya kira shi ya wanke shi tas, 'yan gari suka riƙa tambayarsa ko akwai sauran miya. Damina guda cur ba mu yi magana ba. A masallaci sahu ɗaya muke, in an sallame ya bi ta wata ƙofa. Aka yi sunan jikansa, ba a aiko mini da goro ba. Na ce a raina ko da a haka za mu mutu ba zan ce na yi nadama ba, don ban yi ba. Amma nakan bi ta ƙofar zaurensa in rage tafiya, in ji ko zai yi gyaran murya.

Ban daina zuwa tafki ba, don ba kaki ne ya koya mini hanya ba. Wata safiya bayan ɗaukewar ruwa, na jingine keke a gindin kanya na taka, sai na hango mutum zaune a kan dutse ya lulluɓa da mayafi. Na ɗauka maharbi ne, har na fara tattaro faɗa. Da na matso na gane hular. Mai unguwa ne.

Bai yi mini sallama ba, ni ma ban yi ba. Na nufi bakin ruwa ta inda na saba bi, sai ya ɗaga hannu da sauri.

"Kai, dakata! Bi ta kan dutse. Kai makaho ne?"

Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama na duba. A cikin laka, sabo fil, ga sawun gada ya gangara zuwa ruwa, a gefensa kuma ga wani ɗan mitsitsi, bai fi kan ɗan yatsa ba, yana bin sa taku da taku.

Na ce, "Uwa ce da ɗanta."

Ya ce, "Na sani. Tun ɗazu nake zaune kada wani wawa ya zo ya taka."

Na janye ƙafata, na zagaya ta kan dutse, na tsaya a gefensa. Ya matsa mini kaɗan. Muka zauna muna kallon laka har rana ta fito.